Kaburburan Maijirgi: Wa Ke Kwance a Ciki?

Wanda ya saba bin kwaltar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san hanya ce mai sa gyangyaɗi. Gonakin gero hagu da dama, gawo jefi-jefi, rumbuna a bakin ƙauyuka, sai amalanken shanu da ke ratse wa mota. A wuce Cadawa, a wuce Agye da Gazawa, a tsaya Tasawa a yi salla a jiƙa maƙoshi. Gaba kaɗan da Tasawa akwai garin Maijirgi, inda motar haya ba ta cika tsayawa ba sai in da mai sauka. Yawancin fasinjoji sukan wuce ba tare da sanin sun gifta kusa da wasu kaburbura biyu da aka daɗe ana gardama a kansu a Faransa ba.

Kallo ɗaya za ka yi musu ka san ba namu ba ne. Kabarin Bahaushe tudun ƙasa ne, da ɗan itace ko fasasshiyar tukunya a kai, in aka yi damina uku ko huɗu ya baje ya koma ƙasa. Waɗannan kuwa an yi su ne don su daɗe, kuma an san sunayen masu su: Kyaftin Julien Chanoine da Kyaftin Paul Voulet, hafsoshin sojan Faransa, waɗanda takardun gwamnatinsu suka ce sun mutu a nan ranakun 16 da 17 ga Yuli, 1899.

Abu biyu ne ke ɗaure kai. Na farko, Faransa ba ta saba yar da hafsan da ya mutu wajen ci mata ƙasa ba. Kyaftin Cazemajou da aka kashe a Damagaram cikin 1898, da sunansa aka kira barikin da suka gina a can. Kwamanda Lamy da ya faɗi a Kusuri cikin 1900, gari guda aka sa wa sunansa, Fort-Lamy, wanda sai a 1973 ya koma Njamena. To me waɗannan biyu suka yi da aka bar su a ƙauye, ba bariki, ba titi, ba ko lungu mai sunansu? Na biyu ya fi wannan nauyi. A 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka da ke riƙe da Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone kaburburan, aka tarar ba kowa a ciki.

Kafin a kai ga ramin, sai an san abin da ya kawo mutanen. Ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris a kan rabon ƙasar da ko ɗayansu bai mallaka ba tukuna. Suka ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya, suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da ita, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, abin da ke waje ta arewa na Faransa. Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gadonsa a lokacin, ba wanda ya nemi jin ta bakinsa. Ingilishi ma ba su shiga Sakkwato ba sai 1903. A takarda zanen ya yi kyau. A ƙasa kuwa, manyan rijiyoyi da garuruwa masu hatsi sun faɗa rabon Ingila, Faransa ta tashi da faƙo da rairayi.

Burin Faransa shi ne Tafkin Chadi, inda Rabe ya cinye Borno ya zauna a Dikwa. Aka shirya runduna uku su haɗu a can: Foureau da Lamy su ratso Sahara daga Aljeriya, Gentil ya hauro daga Kwango, Voulet kuma ya taso daga kogin Kwara ya miƙe gabas ta ƙasar Hausa. Voulet ɗan likita ne, shekarunsa 32. Mataimakinsa Chanoine yana da 28, kuma ubansa janar ne wanda ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na 'yan makonni a 1898. Ba baƙin juna ba ne, ba kuma baƙin ta'asa ba ne: su ne suka ci Wagadugu a 1896 suka sa mata wuta, aka yi musu tafi a Paris. Duk wanda ya zaɓe su ya san irin aikin da suka iya.

Turawa tara ne a rundunar, da sojoji baƙar fata wajen 600, yawancinsu daga ƙasar da yau ake kira Mali, da 'yan dako wajen 800 da aka kamo galibi daga ƙasar Mosi, da igwa ɗaya. In aka haɗa da mata da barori da dabbobi, baki kusan 2,000 ne ke neman ci da sha kullum. Kuɗin da aka ba su bai isa ba, kuma da yawa daga cikin sojojin an ɗauke su ne bisa alkawarin ganima. Runduna irin wannan in ta sauka a ƙauye mai rijiya ɗaya, kafin la'asar ta ƙafar da rijiyar ta share rumbuna. Mutanen gari su gudu, a ce sun yi tawaye, a ƙone garin, a kama sababbin 'yan dako a madadin waɗanda suka mutu, a yi gaba. Tun daga yadda aka haɗa tafiyar, haka za ta kasance.

A watan Janairu 1899, a Sansane Hausa da ke bakin kogi, aka kashe mutum 101, har da mata da yara. Ranar 16 ga Afrilu suka isa Lugu a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu da maharbanta suka shige kurmi suka tsaya musu. Rundunar ta ƙone harsashi wajen 7,000, ta rasa mutum 4, wasu 6 suka ji rauni. Wannan karon ne Abdoulaye Mamani ya gina littafinsa Sarraounia a kai a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, shi ya sa sunan Lugu ya fi na sauran garuruwan fita. Amma mafi munin abin a Birnin Ƙonni aka yi shi, farkon watan Mayu. Gari ne mai ganuwa, ƙarƙashin Sakkwato, kuma a cikin bakan da aka ce na Ingila ne, wato Voulet ba shi da ko hujjar takarda ta zuwa can. Aka fasa garin da igwa, aka bi mutane da kisa, aka kwashe mata. Masu tarihi sun saɓa a kan adadin, daga ɗaruruwa har zuwa dubbai. Duk ɗan Illela da ke tsallakawa Ƙonni cin kasuwa, a kan wannan ƙasa yake takawa.

Labarin ya isa Paris ta hanyar da ba a zata ba. Wani Laftanar Peteau ya yi faɗa da Voulet aka kore shi daga rundunar, ya rubuta wa budurwar da zai aura wasiƙa yana zayyana abin da ya gani. Shi ma hannunsa ba a wanke yake ba, amma wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga ministan ƙasashen mallaka, Antoine Guillain. A watan Afrilu aka umarci Laftanar Kanar Klobb, mai riƙe da Tumbutu, ya bi sawu, ya bincika, in abin gaskiya ne ya karɓe rundunar. Ni dai ban ɗauka tausayin talakawan Ƙonni ne kaɗai ya motsa Paris ba. Kutsawa cikin rabon Ingila, watanni kaɗan bayan rikicin Fashoda da ya kusa haɗa ƙasashen biyu yaƙi, ya isa ya hana minista barci. Klobb ya taho da Laftanar Meynier da 'yan sojoji kaɗan. Bai sha wahalar neman hanya ba, toka ce ta yi masa ja-gora. Littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum, wanda aka buga bayan mutuwarsa, cike yake da ƙonannun garuruwa da rijiyoyi masu gawa, har Koran Kalgo inda ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a itace.

Da ya matso, Voulet ya aika masa takarda yana gargaɗinsa cewa yana da bindiga 600, in ya ƙara taku ɗaya zai ɗauke shi abokin gaba. Klobb bai tsaya ba. Ranar 14 ga Yuli, wadda ita ce ranar bikin ƙasar Faransa, suka yi ido huɗu a Dankori, kusa da Tasawa. Klobb yana kan doki cikin cikakken kakinsa, ya hana mutanensa harbi. Voulet ya ba da umarni, aka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya ji rauni. Da yamma Voulet ya tara sauran Turawan, ya cire alamun muƙaminsa, ya shaida musu shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daularsa da sojojin nan. Chanoine ya bi shi. Sauran hafsoshin suka janye gefe.

Daular kwana biyu ta yi. Sojojin da aka ɗebo daga yamma suka fahimci cewa in suka bi mutumin nan, su da ganin gida har abada. Ranar 16 ga wata suka juya baya a Maijirgi. Chanoine ya hau doki ya nufe su, suka harbe shi. Voulet ya tsere ya kwana a waje, da asuba ranar 17 ya dawo zai shiga sansani, mai gadi ya tsai da shi, aka yi musayar wuta, ya faɗi.

Wannan ya warware tambaya ta farko. Mutanen da suka kashe kanar ɗinsu ba a kai gawarsu gida da tambura. Labarin Dankori ma ya isa Paris ne a watan Agusta, daidai lokacin da ake sake shari'ar Dreyfus, hafsan nan Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, shari'ar da ta raba Faransa biyu ta zubar da mutuncin manyan soja. Janar Chanoine, uban mamacin, yana cikin ɓangaren da ke gaba da Dreyfus. Rundunar da ke fama da wannan abin kunya ba ta neman wani. Barin gawa biyu a ƙauyen da ba Bafaranshen da ya iya faɗin sunansa shi ne mafi sauƙi.

Saura ramin da ba kowa. Delavignette ba mutumin banza ba ne da za a ce ya ƙirƙiri labari don a san shi: daga baya ya shugabanci makarantar horar da jami'an mulkin mallaka a Paris, ya kuma zama babban kwamishinan Faransa a Kamaru. Da maganarsa ta bazu, sai ta haɗu da wata jita-jita da ta riga ta yawo a barikoki. Wai mutanen biyu ba su mutu ba. Wai sauran hafsoshin ne suka yi yarjejeniya da su, aka bar su suka sulale cikin hamada, aka tara ƙasa a kan ramin wofi aka rubuta rahoto. Har aka ƙara da cewa wani farin sarki da ake rade-radin yana ja-gorar masu yaƙar Faransa a duwatsun Tibesti wajen 1916 da 1917, ɗaya daga cikinsu ne.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ya kamata a ba jita-jitar haƙƙinta. Duk abin da na ba da labari a sama game da ranakun 14 zuwa 17 ga Yuli, daga bakin Turawan da suka tsira ya fito, musamman Joalland, mai kula da igwa, wanda ya buga littafinsa a kan Dankori bayan shekara 30, da Meynier. Joalland da abokansa suna cikin rundunar tun daga bakin kogi. Igwar da ta fasa Ƙonni, a hannun wani take. Da an kai Voulet gaban kotun soja da ransa, da ya kira sunaye. Mutuwarsa ta rufe bakin da ya fi kowane haɗari, ɓacewarsa ma da ta yi wannan aikin. Ga kuma ɗan janar a ciki, wanda ba ƙaramin hafsan da zai so a ce da hannunsa a jininsa. Joalland da Meynier duka sun kai muƙamin janar daga baya. Wanda ya ce biri ya yi kama da mutum bai yi laifi ba.

Sai dai labarin tserewar ba ya jure tambaya. Abin ya faru ne a gaban sojoji ɗaruruwa, da 'yan dako, da matan da aka kwaso daga garuruwa. A watan Satumba na shekarar Laftanar Pallier ya juya yamma da sojoji wajen 300, suka koma garuruwansu, suka watsu a kasuwanni da barikoki, kowa da bakinsa. Sirrin da Turawa bakwai za su iya riƙewa, mutum 300 da ba su da abin da za su samu a riƙe shi ba za su riƙe ba. Sannan a 1899 ɓoye Bature a ƙasar Hausa kamar ɓoye raƙumi ne a akurkin kaji. Ayarin fatake suna kai da kawowa tsakanin Damagaram da Kano da Agadas da Tarabulus, labari yana tafiya tare da su. Kuma wane gari ne tsakanin Ƙonni da Tasawa zai ba wa waɗannan biyu masauki, su kaɗai, ba bindiga 600 a bayansu?

Hanyar arewa ma a toshe take. A daidai watannin nan rundunar Foureau da Lamy tana ƙasar Abzin tana gangarowa, ta bi ta Agadas ta iso Damagaram farkon Nuwamba 1899. Wato duk Baturen da ya gudu arewa daga Tasawa, cikin hannun 'yan'uwansa zai faɗa, ko aƙalla su tsinci labarinsa a rijiyoyin da suka sha. Batun farin sarkin Tibesti kuwa, yaƙin 1916 da 1917 ba a duhu aka yi shi ba, an san shugabanninsa. Kawsan ne, Ba'abzine mabiyin Sanusiyya, tare da Sarkin Agadas Tagama, suka tsare barikin Faransa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, har sai da Ingilishi suka turo taimako daga Najeriya. André Salifou ya rubuta littafi guda a kan wannan yaƙi. Igwa da bindigogin Kawsan daga hannun Italiyawa suka fito, waɗanda Sanusawa suka fatattaka a kudancin Libiya. A ganina nan ne asalin tatsuniyar. Hafsan da aka tsare wata uku da igwa ya fi son ya yarda wani ɗan'uwansa Bature ne ke saita ta, da ya yarda Buzu ne.

To in sun mutu a Maijirgi, ina ƙasusuwan? A tuna lokacin da yanayin. Tsakiyar Yuli ne, damina ta sauka, ƙasar wajen rairayi ce. Masu binnewar sojoji ne da suka gama harbe mamatan, hankalinsu yana kan abin da zai same su gobe, rundunar kuma tana shirin tashi. Ba wanda zai tsaya ya haƙa rami mai zurfi, balle a yi 'yar ciki a jera itace yadda muke yi. Ƙasar da aka watsa wa gawawwaki wata da watanni kuwa, kuraye sun ƙoshi sun kuma saba. Ko da kura ba ta tone ba, akwai mutanen da aka ƙone wa garuruwa, waɗanda ba su da dalilin girmama wannan rami. Sannan rundunar da ke tafiya da ƙafa tana neman ruwan sha ba ta ɗauke da kayan gini, saboda haka duk wani abin da aka gina a kan kabarin daga baya aka yi shi. Wanda ya zo ginin dole ya tambayi mutanen gari inda aka sa su. Duk wanda ya san zaman talaka da kumandan a wancan zamani ya san amsar da ake ba shi: ranka ya daɗe, ga shi nan. Ba a ce wa kumandan ba a sani ba. A nuna masa gindin itacen da ya fi kusa, ya yi gininsa ya tafi. Kuskuren taku goma ya isa ya sa mai tono bayan shekara 24 ya tarar da rairayi zalla.

Hukuncina shi ne Voulet da Chanoine sun mutu a Maijirgi a ranakun da aka faɗa, kuma ramin wofi shaida ne a kan yadda aka binne su, ba a kan cewa sun rayu ba. Inda shakka ta cancanci zama shi ne wani wuri dabam: wa ya ce a harba? Rahoton hafsoshin ya nuna sojoji baƙar fata ne suka yanke shawara da kansu, don biyayya ga tutar Faransa. Labari ne mai daɗi ga kowa, domin ba hannun Bafaranshe ko ɗaya a jinin. Amma a lura da abin da ya biyo baya. Sojojin da suka harbe kyaftin biyu, a rundunar da ake kashe ɗan dako don ya gaji, su ne dai suka jeru a bayan Pallier da Joalland suka ci gaba da tafiya gabas. Ƙarshen watan nan na Yuli suka kara da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga birninsa. A Satumba aka bi sarkin aka kashe shi. Wanda ya ga haka yana da damar ya yi zaton sojojin sun san ba za a tuhume su ba tun kafin su ɗana kunama.

A nan ne nake ganin gardamar kabari ta yi wa Faransa amfani. Muddin ana tambayar ina Voulet ya shiga, labarin ya zama na wani mutum ɗaya mai ban al'ajabi. Haka ma binciken gwamnati ya yi da shi. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike a 1900, aka ƙi. Binciken ma'aikatar ƙasashen mallaka kuma aka rufe shi a 1902 da cewa mutanen biyu sun kamu da wani ciwo da suka laƙaba wa suna soudanite, wai haukan da zafin ranar ƙasashenmu ke sa wa Bature. Wannan hauka mai ladabi ne ƙwarai. Bai kama su a Wagadugu ba lokacin da ake ba su lambar yabo. Bai zama hauka a Sansane Hausa ko Ƙonni ba. Sai ranar da harsashi ya sami kanar aka gano ciwon. Kuma abin da mahaukatan suka ci, masu hankali ba su mayar ba. Joalland da Meynier suka kai ragowar rundunar Tafkin Chadi, suka haɗu da sauran biyun, ranar 22 ga Afrilu, 1900 aka kashe Rabe a Kusuri. Shirin da aka zana a Paris ya cika cif, Damagaram ta zama hedkwatar mulkinsu a Nijar har 1926.

Ita kanta hanyar da direbobi ke bi yau, gadon wannan tafiya ce. Wahalar ruwa da rundunar ta sha ta nuna wa Faransa cewa bakan mil 100 ba zai bar ta ta haɗa kogin Kwara da Damagaram ba. Ta koma teburin ciniki, a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 Ingila ta sassauta, aka turo iyaka kudu. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa turakun iyaka. Da haka Ƙonni ta tashi daga rabon Ingila ta koma na Faransa, aka raba ta da Sakkwato. Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi da Tasawa, kusan sawun rundunar take bi.

Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda aka juya zuwa Hausa aka nuna a Arewa24, ya bi wannan hanya har Maijirgi, kuma abin da ya fi tsaya wa mai kallo a ciki shi ne mutanen garuruwan da ke ba da labarin kakanninsu dalla-dalla, kamar ba a yi shekara 120 ba. Takardun rundunar suna ajiye a gidan adana tarihin ƙasashen mallaka da ke Aix-en-Provence a Faransa, ba abin da zai same su. Abin da ke cikin kawunan tsofaffin Ƙonni da Lugu da Koran Kalgo da Dankori shi ne ba shi da ma'aji: sunayen waɗanda aka kashe, rijiyoyin da aka daina sha, zuriyar matan da aka kwashe da inda suka ƙare. Tone kabarin Maijirgi da kayan aikin zamani, da yardar mutanen garin, aikin 'yan kwanaki ne, kuma zai kashe gardamar 1923. Wancan kuwa aikin shekaru ne. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana Maraɗi, Jami'ar André Salifou tana Damagaram, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato. Su tura ɗaliban tarihi garuruwan nan da na'urar ɗaukar magana tun jikokin waɗanda suka ga abin da idonsu suna da rai.